Faifan Da Aka Ce Mu Hana: Abin Da Muka Ji A Kundin Scarface

  

Mun san akwai wanda zai ga sunanmu a kan wannan rubutu ya ce, to, shi kuma Malam me ya kai shi? Mutumin da aka sani da mudun wake da gero a Bodija, in Liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa ya shige gaba ya ja salla, yau shi ne da sharhin waƙar 'yan daban Amurka? Wanda ya tambaya bai yi laifi ba. Ga yadda aka yi.

Wata biyu ke nan da muka kai wani yaro makwancinsa. Ba za mu faɗi suna ba. 'Yan unguwa sun san shi, kuma iyayensa na da haƙƙin a bar su da ciwonsu. Shekararsa 22, okada yake yi. Gardama ce ta tashi a kan kuɗin da bai kai na tiya biyu ta shinkafa ba, aka zaro wuƙa, shi ke nan. Mu muka yi masa wanka, mu muka tsaya a kansa da kabbara huɗu. Daren sadakar uku, abokansa suka taru a shagon mai askin bakin layi, suka saki wata waƙar Turanci, in ta ƙare su maido ta, har ƙarfe ɗaya na dare. Bayan sallar asuba maganar ta zo gaban dattawan masallaci. Wani ya ce a ƙwace lasifikar, wani ya ce a sa mai gidan ya kori mai askin gaba ɗaya. A ƙarshe aka ce, Malam, kai ne suke jin maganarka, je ka hana su.

Muka ce za mu je, amma sai mun ji abin da suke ji tukuna. A Islamiyya an koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa.

Mai askin ya ba arba'in baya, kuma tun zamanin kaset yake tara irin waɗannan waƙoƙi. Ya karɓe mu jikinsa na ɓari, don ya ɗauka korarsa muka zo yi. Ya ce, "Baba Malam, wallahi ba ni na ce a kunna ba, su suka roƙa." Muka ce mun ji, kawo faifan gaba ɗayansa. Turancinmu na kasuwa ne, na ciniki da rasit, shi kuwa Turancin baƙaƙen Amurka wani daji ne daban. Don haka muka ɗauko ɗan ƙanenmu da ya gama foliteknik. Dare uku muka yi bayan isha'i, ana kunnawa ana tsayarwa, yana fassara mana. Wani wurin sai ya sunkuyar da kai don kunya, mu ce faɗi abinka, ai ba kai ka rera ba.

A lura, wannan ba fatawa ba ce. Maganar kiɗa malamai sun daɗe suna saɓani a kanta, mu kuwa ba mu kai mu raba wannan gardama ba. Abin da muke aunawa shi ne maganar da ke cikin faifan: me ta ce, gaskiya ta faɗa ko ƙarya, kuma me take yi wa zuciyar yaro ɗan shekara 20 da aka kashe masa aboki. Sauraron waƙar wanda ba naka ba ba sabon abu ba ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi a karanto masa baitocin Umayya ɗan Abis Salti, mutumin da bai musulunta ba, yana neman ƙari har aka kai baiti 100.

Wane ne mai faifan

Sunan faifan The Diary, wato littafin da mutum ke rubuta abin da ya same shi a kowace rana. Mai shi ana ce masa Scarface, sunansa na gaskiya Brad Jordan. An haife shi a 1970 a Hustan, babban birni a jihar Teksas ta kudancin Amurka. Laƙabin ya aro shi ne daga wani fim na 1983 da Al Pacino ya fito a matsayin dillalin hodar iblis. Ya fara suna a ƙungiyar Geto Boys, tare da Willie D da Bushwick Bill, a kamfanin Rap-A-Lot na J. Prince. Munin bakinsu ya kai a 1990 kamfanin Geffen ya ƙi rarraba faifansu. The Diary shi ne faifai na uku da ya yi shi kaɗai, bayan na 1991 da na 1993. Ya fito a watan Oktoba na 1994, ya kai na 2 a jerin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, aka kuma ba shi shaidar sayar da kwafi miliyan 1.

Wannan nasara ba ƙarama ba ce a lokacin. Gambarar zamani, wadda suke ce wa rap, 'yan Niyok da 'yan Los Anjalas ne ke riƙe da ita, mutanen kudu kuwa kallon ƙauyawa ake yi musu. A shekarar ce Nas ya fitar da Illmatic, Notorious B.I.G. ya fitar da Ready to Die, duk daga Niyok. Sai ga ɗan Hustan ya shiga tsakaninsu da nasa, ba tare da ya ari muryar kowa ba.

Irin waƙarsa ita ce ake kira gangsta rap, mu ce gambarar 'yan daba. Wanda bai gane ba ya tuna da Gambu mai waƙar ɓarayi, ko Kassu Zurmi. Mawaƙi ne ya shiga rigar mugu, yana yi masa kirari, yana ba da labarin ɓarna kamar a gabansa aka yi. Iyayenmu sun saurare su, wasu don nishaɗi, wasu don su san halin ɓarawo, malamai kuma suna ta faɗa. Bambancin shi ne Gambu wasu yake wasawa, shi kuwa Scarface da bakinsa yake cewa ni ne na yi.

Yadda faifan yake a kunne

Guntaye 13 ne, har da buɗewa da rufewa, kuma duka bai kai minti 45 ba. Wannan kansa abin yabo ne, don mai magana da ya san lokacin yin shiru ya fi wanda zai riƙe ka har abinci ya huce. Masu haɗa kiɗan, manyansu N.O. Joe da Mike Dean, ba su cika masa hayaniya ba. Kiɗan ba ya gudu. Amo ne mai nauyi daga ƙasa, da jita da fiyano na lantarki suna kuka a hankali, kamar tafiyar masu ɗauke da makara.

Sai murya. Tun kafin a fassara mana kalma ɗaya muka ce wa mai askin, wannan dattijon shekararsa nawa? Ya yi dariya ya ce 23 ce lokacin da faifan ya fito. Muka yi shiru, don shekara ɗaya ce kawai tsakaninsa da yaron da muka binne. Muryar ƙasa-ƙasa take, mai kauri, ba ta gaggawa, kowace kalma sai ta zauna kafin ta gaba ta zo. Mun sha jin gambarar yaran yanzu da ko masu Turanci ba su kama abin da ake faɗa. Wannan kuwa so yake a ji shi. Ko mai wa'azi zai so ya samu irin wannan numfashi.

Tsakuwar da ke cikin buhu

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu don abin da aka zuba a baki, sai ya cusa hannu har ƙasa. Bari mu fara da tsakuwa, don tana da yawa.

Fiye da rabin faifan kirarin kisa ne. Waƙa ta biyu, The White Sheet, sunanta ma farin ƙyallen da ake rufe gawa da shi ne, kuma barazana ce daga farko har ƙarshe. Jesse James sunan wani ɗan fashin Amurka ne na ƙarni na 19, wanda ya addabi bankuna da jiragen ƙasa. Tarihi dai ya nuna yaronsa ne ya harbe shi ta baya a 1882, amma masu kirari ba su cika kai labari nan ba. Akwai kuma Goin' Down, wadda zancen fasiƙanci ce tsagwaronta, mace a cikinta ba ta fi tabarma daraja ba. A nan ne ɗan ƙanenmu ya ce, "Baba, don Allah a wuce wannan," muka wuce. Ashar kuwa kamar ruwan Agusta. Duk wanda ya ce maka faifan nan wa'azi ne daga sama har ƙasa, ko dai bai ji ba, ko yana so ya sayar maka.

Sai waƙa ta uku, No Tears, wato ba hawaye. Ita ce yaran suka yi ta maimaitawa a daren nan. Da aka fassara mana, sai da tsigar jikinmu ta tashi. Waƙar ta fara ne daidai inda mu limamai muke gamawa: an binne, an watse, idanu sun bushe, samari sun taru a lungu suna tambayar wa ya yi, a ina yake kwana. Wallahi ya san wannan lokaci. Mu mun san wanka da salla da addu'ar uku, amma sa'ar nan ta bayan an naɗe tabarmi, da zuciyar saurayi ke tafasa, ba ma nan, mun tafi gida barci. Shi yana nan.

Gwanintar waƙar ita ce haɗarinta. Ta mai da ramuwa bashi, bashin da dole aboki ya karɓo da hannunsa. Har ta ari maganar nan ta rai a bakin rai, wadda littattafan sama suka zo da ita. To amma wanda ya yi karatu ya san ƙisasi ba aikin ɗan lungu ba ne. Hukuma ce ke tsayar da shi bayan shaida, kuma a gefensa akwai ƙofar diyya da ƙofar yafewa. Waƙar ƙofa ɗaya ta sani. Yaro mai zafin rai da ya ji ta sau goma a dare ɗaya, ba ta'aziyya ya sha ba, fetur ya sha.

Waken da ke ƙasa

Da a nan faifan ya tsaya, da mun koma wa dattawa mun ce ku yi yadda kuka ga dama. Amma a dare na biyu muka kai waƙa ta shida, I Seen a Man Die, wato na ga mutuwar mutum da idona.

Labarin wani yaro ne da ya fito daga tsare bayan shekara 7, ko ashirin bai cika ba. Ya dawo wurin mahaifinsa da niyyar gyara. Amma baƙi ne, kuma akwai tabon kurkuku a sunansa, ƙofofi a rufe. Sai ya nemi tsohon abokinsa da ya yi kuɗi ta hanyar da kowa ya sani. Ba a jima ba ya yi kisansa na farko. Nan ne Scarface ya yi abin da masu kirari ba su yi: bai ce yaron ya zama gwarzo ya tsaya ba, ya ce girman da ya samu a lungu bai hana abin ci masa rai ba.

Wannan labari ba daga iska ya ɗauko shi ba. Shekarun nan ne wata irin hodar iblis mai araha, wadda ake dafawa ta zama dunƙule, ta mamaye unguwannin baƙaƙe. Dokar Amurka ta 1986 ta sa wanda aka kama da giram 5 na wannan dunƙule ya sha ɗaurin shekara 5 dole, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar, wadda masu hali suka fi sha. Wata guda kafin faifan ya fito, a Satumban 1994, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata babbar dokar laifuka da ta ƙara 'yan sanda da kuɗin gina gidajen yari. Yaron cikin waƙar ɗaya ne daga dubbai, kuma Scarface ya ba shi uba da uwa, ya mai da shi ɗan wani.

Daga nan waƙar ta bar labari ta koma kan shimfiɗar mutuwa. Mawaƙin ya zauna kusa da mai mutuwa yana yi masa magana kai tsaye, yana gaya masa abin da ke faruwa da jikinsa mataki-mataki, da tsoron da ke idonsa, da yadda yake kokawa da abin da ba a kayar da shi. Ya tuna masa cewa uwarsa ce za ta ɗauki nauyin irin rayuwar da ya yi. Ya kuma ce masa in akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, ya gyara.

Jama'a, mu mun zauna a kan masu mutuwa ba sau ɗaya ba, ba sau ashirin ba. Mun riƙe hannu yana sanyi, muna laƙƙana kalmar shahada. Muna shaida cewa wanda ya tsara wannan waƙa bai yi ƙarya ba. Babu ado, babu jarumta irin ta fim, inda mutum zai sha harsashi ya tsaya yana jawabi. Amshin waƙar ma kan kukan namiji yake, yadda ƙato da ya yi shekaru yana haɗiye hawaye yake zubar da su a gaban mutuwa. Ka duba fa: a waƙa ta uku ya ce ba hawaye, a ta shida ya kawo su da kansa. Wannan ba kuskure ba ne, tsari ne. Ya bar ka ka hau dokin zuciya waƙa huɗu, sannan ya kai ka ya nuna maka inda dokin ke kayar da mahayinsa.

Amma ko a nan muna da gyara. Ya kai mai mutuwar har ran ya bar jiki, ya sa shi a wata hanya mai haske, sannan ya ba shi zaɓi da damar shiryawa da Allah. Mu abin da muka karanta shi ne ƙofar tuba a buɗe take har sai rai ya kai maƙogwaro, daga nan an rufe. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Yaron da ya ɗauka akwai sauran dama a can, zai jinkirta a nan. Waƙar ta ga mutuwa da kyau, abin da ke bayanta ne ta yi wa hasashe.

Ta biyu da muka yaba ita ce Mind Playin' Tricks '94. Asalinta waƙar Geto Boys ce ta 1991, wadda ta fitar da su duniya, a nan kuma ya sake ta shi kaɗai. Maganarta ita ce daren mai laifi: ba barci, kowane motsi a bakin ƙofa maƙiyi ne, kowane aboki abin zargi, har mutum ya fara ganin mutuwa ta fi masa sauƙi. Wannan ma ba aro ya yi ba. Shi da kansa ya faɗa, har a littafin tarihinsa na 2015 mai suna Diary of a Madman, cewa tun yana ɗan saurayi ya yi yunƙurin kashe kansa, aka kwantar da shi a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa. A lokacin da kowane mawaƙin daba ke nuna shi dutse ne, wannan ya fito ya ce kansa ba lafiya. Mu da muke ɓoye irin wannan ciwo a gidajenmu, mu ce aljanu ne ko sammu, har yaro ya lalace da kodin da tiramol, muna da abin koyo a nan.

Inda ya kare kansa

Ta uku ita ce Hand of the Dead Body, wadda ya yi da Ice Cube da Devin the Dude. A nan ya juyo kan masu zarginsa, kuma zargin ya yi zafi a lokacin. A 1992 wani saurayi ya harbe ɗan sanda a Teksas, lauyoyinsa suka ce waƙar Tupac da yake ji a mota ce ta zuga shi, kotu dai ta yanke masa hukuncin kisa. A 1993 wani babban fasto a Harlem, Calvin Butts, ya tara faya-fayan gambara don a murƙushe su a bainar jama'a. A farkon 1994 majalisar dokokin Amurka ta zauna sauraron bahasi a kan gambarar 'yan daba, inda C. Delores Tucker, baƙar mace 'yar gwagwarmaya, ta kasance kan gaba wajen suka. Ka ga ashe dattawan masallacinmu ba su ne farau ba.

Amsar Scarface ita ce Amurka ta san bindiga da zubar da jini tun kafin a haifi gambara. Fina-finan kaboyi da talabijin sun cika da kisa ba wanda ya kira taro, sai da baƙin yaro ya faɗi abin da ke faruwa a layinsu aka ce shi ne ya kawo. Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma rabi mai nauyi. Ba waƙa ce ta kawo hodar iblis Hustan ba, kamar yadda ba waƙa ce ta sa wuƙa a aljihun wanda ya kashe yaronmu ba. Mai dokar barci bai kamata ya ɓige da gyangyaɗi ba.

Amma ɗaya rabin bai tsaya ba. Ba za ka ce kai ɗan rahoto ne kawai ba, alhali ka sa wa rahoton kiɗa mai daɗi, ka ce ni ne na harba, ka kuma karɓi kuɗi. Kuma ba ya yiwuwa a ce waƙa ta shida tana da ƙarfin da za ta taɓa zuciya, ta uku kuma ba ta da ƙarfin komai. In magana tana warkarwa, to tana sa ciwo. Mu da muka ga idanun yaran nan washegarin daren da suka kwana da No Tears, ba wanda zai gaya mana waƙa iska ce.

Hukuncinmu

Faifan nan aikin gwani ne, kuma mun fahimci dalilin da ya sa masana gambara ke sa shi cikin na gaba-gaba bayan shekara 30. Darajarsa ɗaya ce: ya bi kisa har inda yake ƙarewa, har kan gawa, har fuskar uwa, har daren da makashi ya kasa runtsawa. Mawaƙan daba da yawa a bakin bindiga suke tsayawa. Aibinsa kuma shi ne bayan ya ga duk wannan, sai ya koma kirari, har waƙar da ta ɗauki sunan faifan, kusa da ƙarshe, ta sake komawa barazana. Ya ga rami, ya kwatanta shi da kyau, bai nuna hanyar kauce masa ba. In buhu ne, mudu uku wake ne na fitar da kunya, sauran sai an tsince da haƙuri. Ba za mu ce a kunna shi a gida gaban mata da yara ba, ko kusa.

Akwai kuma abin da mai askin ya faɗa da ya tsaya mana a rai. Ya ce zamanin kaset, in ka sa, dole ka bi shi a jere, kafin ka maido ta uku ka riga ka ji ta shida. Yanzu waya ce, yaro ya zaɓi guda ya danna maimaitawa. Wato mawaƙin ya jera dafi da makarinsa, waya ta raba su. Muka tambayi yaran, a cikin su bakwai biyu ne kawai suka taɓa jin ta shida, su ma ba su san me take cewa ba.

Shi kansa mai faifan rayuwa ta yi masa nata karatun. Tupac, wanda suka yi waƙar Smile tare, an harbe shi a 1996. Notorious B.I.G. ya bi shi a 1997. Bushwick Bill ciwon daji ya ɗauke shi a 2019. Scarface ya bayyana cewa ya karɓi Musulunci. A 2019 ya tsaya takarar kansila a Hustan, ya kai zagaye na biyu bai ci ba. A 2020 korona ta kama shi har ƙodojinsa suka daina aiki, a 2021 ɗansa ya ba shi ƙoda guda. Ba mu kawo wannan don mu wanke faifan ba. Musuluntar mutum ba ta mai da tsohuwar asharsa zikiri. Mun kawo ne don yaranmu su ga cewa wanda suke ji yana kirari da mutuwa, da ta leƙo shi, asibiti ya nufa yana neman kwana.

Abin da muka yi

A dare na huɗu muka sa aka kira yaran shagon. Ba mu ƙwace komai ba. Muka ce a kunna ta uku, ɗan ƙanenmu ya fassara, sannan a kunna ta shida, ya fassara. Ɗaya ya tashi ya fita tun ba a gama ba, har yau in ya hango mu sai ya sauya hanya. Ɗaya ya kifa kai a gwiwa. Babbansu kuwa ya dube mu ya ce, "Baba, mun ji. To shi wanda ya kashe shi fa? Haka za a bar shi?"

Wannan tambaya ba Scarface ne zai amsa ta ba, mu ne. Yaro ba ya neman shari'a a waƙa sai ya ga manya sun naɗe tabarmar zaman makoki sun manta. Abin da muka kai wa dattawa ke nan. Muka ce a bar mai askin da shagonsa, da sharaɗin ba lasifika bayan ƙarfe goma, don haƙƙin maƙwabta. Amma mu ma a ɗora mana sharaɗi. Wanda ake zargi yana hannun hukuma. Duk ranar da za a zauna a kotu, a samu dattawa biyu su je, su ɗauki biyu daga cikin abokan mamacin, kuɗin mota daga asusun masallaci. Kuma daga yau in an yi irin wannan rashi, Allah Ya kiyaye, kada limamai su watse da an shafa fatiha. A samu wanda zai zauna da samari a daren.

Wasu dattawan ba su gamsu ba, wani ma ya ce Malam ya fara sauraron kiɗa da tsufansa. Mun ji, kuma ba mu yi fushi ba. An zauna kotu sau ɗaya, an ɗage. Yaran sun je, sun dawo suna guna-guni, amma sun ce za su koma. Ba mu san yadda za ta ƙare ba, kuma ba mu ce faifai ne ya riƙe hannunsu ba. Wanda duk yake da lokaci ranar zama na gaba, ya same mu a masallaci bayan asuba.

Allah Ya ji ƙan yaron nan, Ya ba iyayensa haƙuri, Ya shirya mana zuri'a. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.